Addini da cancantar ɗan takarar shugaban ƙasa a Najeriya

Addini da cancantar ɗan takarar shugaban ƙasa muhawara ce da ta daɗe a siyasar Najeriya, a kan ko imanin mutum yana cikin abubuwan da ya kamata a duba kafin a damƙa masa jagorancin ƙasa. Kundin tsarin mulki na 1999 bai gindaya wa ɗan takara wani sharaɗi na addini ba, amma a aikace jam'iyyu da masu zaɓe suna lura da addinin ɗan takara da na mataimakinsa, domin ƙasar ta ƙunshi Musulmi da Kiristoci masu ɗimbin yawa. A Amurka muhawarar ta ɗauki wata siffa dabam, inda akan tambayi ɗan takara ko ya yarda da ka'idar juyin halitta ko kuwa ya tsaya a kan cewa Ubangiji ne ya halicci ɗan Adam kai tsaye. A Najeriya wannan tambaya ba ta zama ma'aunin zaɓe ba. Abin da aka fi jayayya a kai shi ne wane addini ɗan takara yake bi, da kuma yadda za a raba manyan kujeru biyu tsakanin mabiya addinan.

Ma'anar kalmomi

Kalmar "cancanta" a bakin 'yan siyasa tana ɗauke da ma'ana biyu. Ta farko ita ce cika sharuɗɗan da doka ta shimfiɗa, wadda hukumar zaɓe da kotuna ke da hurumi a kanta. Ta biyu ita ce dacewa da kujerar ta fuskar hali da ƙwarewa da riƙon amana, wadda mai zaɓe ne ke yanke hukunci a kanta. Yawancin rigimar addini a kan ma'ana ta biyu ake yin ta.

"Juyin halitta" shi ne sunan da ake ba wa ka'idar kimiyyar rayuwa da ke bayanin cewa nau'o'in halittu suna sauyawa a tsawon zamani, kuma sun samo asali daga magabata na tarayya. Charles Darwin ne ya fi shahara da ita, bayan littafinsa On the Origin of Species na 1859. A hirar yau da kullum Hausawa kan taƙaita ta da cewa "wai mutum daga biri yake", ko da yake abin da masana ilimin halittu ke faɗa shi ne mutum da birai sun haɗa kaka a can baya. Takarar da ta haɗa Musulmi biyu kuwa, kafofin yaɗa labarai na Hausa sukan kira ta "tikitin Musulmi da Musulmi".

Abin da doka ta tanada

Sashe na 131 na kundin tsarin mulki ya kawo sharuɗɗa huɗu ga mai neman shugabancin ƙasa: ya zama ɗan Najeriya ta hanyar haihuwa, ya kai shekara 35, ya zama ɗan wata jam'iyya wadda ta tsayar da shi, kuma ya yi ilimi aƙalla zuwa matakin takardar kammala sakandare ko makamanciyarta. A da shekara 40 ce mafi ƙaranci, sai aka rage ta da gyaran da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a ranar 31 ga Mayu, 2018. Sashe na 137 ya lissafa abubuwan da ke hana mutum takara, kamar zama ɗan ƙungiyar asiri ko gabatar da takardar bogi. Addini ba ya cikinsu.

Wasu sassan ma sun taɓo batun. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, sashe na 42 kuma ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa. Sashe na 222 ya haramta wa jam'iyya sanya alamar addini ko ƙabila a sunanta ko tambarinta. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana yaƙin neman zaɓe da sunan addini ko ƙabila, ta kuma hana amfani da wuraren ibada wajen kamfen.

Tanadin da ya fi tasiri a aikace shi ne sashe na 134. Bai isa ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a ba, sai ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohin ƙasar. Wannan ne ke tilasta wa kowace babbar jam'iyya neman goyon baya a Arewa da Kudu, kuma yana cikin dalilan da suka sa ake zaɓo mataimaki daga wani yanki da wani addini.

Sharuɗɗan shugaba a wurin malaman Musulunci

Tun kafin zuwan tsarin zaɓe, malaman ƙasar Hausa suna da abin da suka gada a kan siffofin shugaba. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya kawo sharuɗɗa bakwai a littafinsa Al-Ahkam al-Sulɗaniyya: adalci, ilimi, lafiyar ji da gani da harshe, lafiyar gaɓoɓi, kaifin tunani, jarumta, da nasaba. Ibn Taimiyya kuma ya mayar da lamarin ga ginshiƙai biyu, wato ƙarfi da amana. Shugabannin jihadin Sakkwato sun yi nasu rubuce-rubucen a wannan fanni. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta Kitabul Farƙ, Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano, Muhammadu Bello kuma ya rubuta Usulus Siyasa.

An rubuta waɗannan littattafai ne domin daular Musulunci, inda kasancewar shugaba Musulmi ba abin tambaya ba ne. Shi ya sa malaman wannan zamani suka saɓa wajen amfani da su a ƙasa mai addinai daban-daban. Wasu suna ganin wajibi ne Musulmi ya fifita ɗan'uwansa a akwatin zaɓe, wasu kuma suna ganin adalci da iya aiki su ne a gaba. A wata hira da aka yi da shi a 1987, Sheikh Abubakar Gumi ya nuna cewa da wuya Musulmi su amince da shugabancin wanda ba Musulmi ba, maganar da ta jawo martani mai zafi daga shugabannin Kirista. Hakan ya zo ne shekara guda bayan rigimar shigar Najeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a 1986.

Tarihin haɗa 'yan takara

A zaɓen 1979, wanda shi ne na farko a tsarin shugaba mai cikakken iko, Shehu Shagari na NPN ya ɗauki Alex Ekwueme, Kirista daga Kudu maso Gabas, suka yi nasara. Amma ba kowace jam'iyya ce ta bi wannan salo ba. Obafemi Awolowo na UPN ya tsaya da Philip Umeadi, Nnamdi Azikiwe na NPP kuma ya tsaya da Farfesa Ishaya Audu, dukkansu Kiristoci.

A zaɓen 12 ga Yuni, 1993, jam'iyyar SDP ta tsayar da Musulmi biyu, Moshood Abiola da Babagana Kingibe. NRC ta tsayar da Bashir Tofa daga Kano tare da Sylvester Ugoh, Kirista. Sakamakon da ya fito ya nuna Abiola ne a gaba, har a jihohin da Kiristoci suka fi yawa, kuma ya kayar da Tofa a jiharsa ta Kano. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke zaɓen. Har yau ana kafa hujja da shi a matsayin lokacin da addini bai raba masu zaɓe ba.

Daga 1999 zuwa 2023 kowace gwamnati ta haɗa Musulmi da Kirista a sama: Olusegun Obasanjo da Atiku Abubakar, Umaru Musa 'Yar'aduwa da Goodluck Jonathan, Jonathan da Namadi Sambo, sai Buhari da Yemi Osinbajo. Buhari, wanda abokan hamayya suka daɗe suna zargi da tsattsauran ra'ayin addini, zargin da ya sha musantawa, ya ɗauki Fasto Tunde Bakare a 2011, sannan a 2015 ya ɗauki Osinbajo, wanda shi ma fasto ne. Zaɓen 2011 ya nuna haɗarin da ke tattare da rabuwar ƙuri'a bisa yanki da addini. Buhari ya lashe jihohi 12 na Arewa, Jonathan ya ci zaɓen, sai rikici ya ɓarke. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce mutum fiye da 800 ne suka rasa rayukansu a cikin kwana uku.

A ranar 10 ga Yuli, 2022, a Daura, Bola Tinubu na APC ya bayyana Kashim Shettima a matsayin mataimakinsa. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi tir da matakin, wasu jiga-jigan APC Kiristocin Arewa irin su Yakubu Dogara da Babachir Lawal su ma suka ƙi amincewa. Magoya bayan Tinubu sun ce ƙwarewa da lissafin ƙuri'u suka duba. Sauran manyan 'yan takara sun bi tsohon salo: Atiku ya ɗauki Ifeanyi Okowa, Peter Obi ya ɗauki Yusuf Datti Baba-Ahmed, Rabi'u Musa Kwankwaso kuma ya ɗauki Bishop Isaac Idahosa. A zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, hukumar INEC ta bayyana cewa Tinubu ya samu ƙuri'a 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso kuma 1,496,687.

Juyin halitta a siyasar Amurka

Sashe na 6 na kundin tsarin mulkin Amurka ya hana yi wa kowa gwajin addini kafin ya riƙe muƙamin gwamnati. Duk da haka masu zaɓe ba su daina duba imanin 'yan takara ba. A 1960 sai da John F. Kennedy, ɗan ɗariƙar Katolika, ya tsaya gaban limaman Furotesta a Houston ya tabbatar musu cewa ba daga fadar Paparoma zai riƙa karɓar umarni ba.

Rigimar juyin halitta ta haɗu da siyasa tun a shari'ar John Scopes ta 1925 a garin Dayton na jihar Tennessee, inda aka gurfanar da malamin makaranta bisa laifin koyar da ka'idar. Cikin masu gabatar da ƙara akwai William Jennings Bryan, wanda ya yi takarar shugaban ƙasa har sau uku. Daga baya Kotun Ƙoli ta soke dokokin da suka hana koyar da juyin halitta a 1968, sannan a 1987 ta soke dokar da ta wajabta koyar da labarin halitta kafaɗa da kafaɗa da shi a makarantun gwamnati.

A muhawarar 'yan takarar jam'iyyar Republican ta watan Mayun 2007, an nemi wanda bai yarda da juyin halitta ba ya ɗaga hannu. Mutum uku suka ɗaga: Mike Huckabee, Sam Brownback da Tom Tancredo. A 2015 kuma Ben Carson, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa wanda ya fito fili ya ƙi yarda da ka'idar, ya ce ba zai goyi bayan Musulmi ya shugabanci Amurka ba. Tambayar tana da nauyi a can ne domin ta raba jama'a. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta 2019 ta nuna kashi 40 cikin ɗari na Amurkawa sun yi imani cewa Ubangiji ya halicci mutum a siffarsa ta yanzu. Saboda haka amsar ɗan takara takan nuna ɓangaren da yake neman ƙuri'arsa.

Juyin halitta da kimiyya a Najeriya

Ana koyar da juyin halitta a darasin ilimin halittu na manyan makarantun sakandare, kuma yana cikin manhajar jarabawar WAEC. Sai dai bai zama batun yaƙin neman zaɓe ba. Babban dalili shi ne labarin halittar Annabi Adamu da Hauwa'u abu ne da Musulmi da Kirista suka yi tarayya a kai, don haka tambayar ba ta bambance wannan ɗan takara da wancan. Inda aka ji ta da ƙarfi shi ne a bakin Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram, wanda a hirarsa da BBC da aka yaɗa a 2009 ya ambaci ka'idar Darwin cikin abubuwan da yake ƙi a karatun boko. Malaman addinan biyu ba su da matsaya guda a kan ka'idar. Wasu sun ƙi ta gaba ɗaya, wasu sun karɓi sauyin da ake gani a dabbobi da tsirrai amma sun keɓe ɗan Adam. Cocin Katolika kuwa, tun daga wasiƙar Paparoma Pius na 12 ta 1950, bai hana binciken ka'idar ba.

Idan aka yi jayayya a kan ilimin ɗan takara a Najeriya, yawanci a kan takardun makaranta ake yi. An yi ta a kan takardar sakandaren Buhari a 2015 da 2019, aka kuma yi ta a kan takardar Tinubu ta Jami'ar Jihar Chicago a 2023.

Misali mafi kusa na karon imani da kimiyya a hannun shugabanni shi ne dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Wasu jihohin Arewa sun tsayar da allurar bayan Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci, ƙarƙashin Dakta Datti Ahmad, ta yi zargin cewa an gurɓata maganin. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 yana cikin abubuwan da suka ƙara wa mutane rashin yarda. Jihar Kano, ƙarƙashin Gwamna Ibrahim Shekarau, ita ce ta fi daɗewa, ba ta dawo da rigakafin ba sai a watan Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indunisiya. A wannan tsakanin cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da a da suka rabu da ita. Shekarau, wanda malamin lissafi ne, ya yi takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar ANPP a 2011. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Jihar Jigawa da ƙasar Haɗejiya

An ƙirƙiri Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991. Mafi rinjayen mutanenta Musulmi ne, kuma tana cikin jihohi 12 da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci daga shekarar 2000. Da yake kusan duk 'yan takarar jihar Musulmi ne, abin da ake daidaitawa a zaɓen gwamna shi ne rabon muƙamai tsakanin masarautu biyar: Dutse, Gumel, Haɗejiya, Kazaure da Ringim. Umar Namadi, wanda ya zama gwamna a 2023, ɗan Kafin Hausa ne a masarautar Haɗejiya. Sule Lamido, tsohon gwamnan jihar, ya nemi PDP ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa a 2018, amma Atiku ne ya samu tikitin.

Sakamakon jihar ya nuna cewa addini shi kaɗai ba ya bayyana yadda mutane ke zaɓe. Buhari ya lashe Jigawa a 2011 da 2015 da 2019. A 2023 ukun da suka fi samun ƙuri'a a jihar duk Musulmi ne, kuma Tinubu, Bayerabe daga Kudu, shi ya zo na ɗaya a gaban 'yan Arewa biyu, Atiku da Kwankwaso. A nan jam'iyya da tasirin gwamna da shugabannin gari sun taka rawa.

A ƙananan hukumomin fadamar kogin Haɗejiya, irin su Auyo, Kafin Hausa, Kiri Kasamma da Guri, bukatun da ake kai wa 'yan takara sun shafi ruwa da noma: ambaliyar da ta ci gonaki a 2020 da 2022, ciyawar kacala da ke toshe hanyoyin ruwa, da yadda ake sakin ruwa daga madatsun Tiga da Challawa da ke Jihar Kano. A ƙarshen watan Janairun 2023, makonni kaɗan kafin zaɓe, Buhari ya ƙaddamar da aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a Auyo. Waɗannan matsaloli ne da maganinsu ke bukatar shugaba mai sauraron injiniyoyi da masana yanayi, ko da wane addini yake bi.

Ra'ayoyi

Masu ganin ya dace a duba addinin ɗan takara suna cewa imani ne ke gina hali, kuma a ƙasar da aka sha rikicin addini, ganin naka a fadar gwamnati yana kwantar da hankali. Da wannan hujja ce masu adawa da tikitin addini ɗaya ke kafa dalili da sashe na 14(3), wanda ya nemi gwamnati ta ƙunshi ɓangarorin ƙasa, ko da yake sashen jihohi da ƙabilu da ɓangarori ya ambata, bai kira sunan addini ba.

Masu ɗaya ra'ayin suna cewa an gwada shugabanni Musulmi da Kirista, kuma talauci da rashin tsaro ba su zaɓi masallaci ko coci ba. A ganinsu, abin da ya kamata a tambayi ɗan takara shi ne yadda zai yi da hujja idan ta ci karo da abin da magoya bayansa ke son ji, kamar yadda ya faru a batun rigakafi. Akwai kuma masu tsaka-tsaki da ke cewa imanin mutum game da asalin halitta tsakaninsa ne da Ubangijinsa, matuƙar bai sa ya taɓa manhajar makarantu ko kuɗin bincike ba.

A wasu ƙasashe

Kundin tsarin mulkin Pakistan ya wajabta shugaban ƙasa ya zama Musulmi. A Labanan, yarjejeniyar 1943 ta ba Kiristocin Maroniyawa kujerar shugaban ƙasa, 'yan Sunni firaminista, 'yan Shi'a kuma shugaban majalisa. Senegal, wadda mafi yawan mutanenta Musulmi ne, ta kasance ƙarƙashin Léopold Sédar Senghor, ɗan Katolika, daga 1960 zuwa 1980. A Jamhuriyar Nijar, kundin tsarin mulki na 2010, wanda sojoji suka dakatar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ya raba addini da gwamnati, amma ya tanadi shugaba ya yi rantsuwa da littafi mai tsarki na addininsa. A Turkiyya kuma gwamnati ta cire juyin halitta daga manhajar sakandare a 2017.

Duba kuma

Kundin tsarin mulkin Najeriya
Zaɓen 12 ga Yuni, 1993
Zaɓen shugaban ƙasar Najeriya na 2023
Juyin halitta
Masarautar Haɗejiya